Tirelar da Ta Sha Miyar Kuka

Na san halinku sarai, ko izu sittin na dafa ba za ku yarda da abin da zan faɗa ba. To, kada ku yarda ɗin. Amma ku matso da bencinku, don yau ba nishaɗi na kawo muku ba. Fatar bayana na zo ceta, kuma daga yanzu zuwa saukowa daga masallacin Juma'a kawai gare ni.

Wanda bai san ni ba, ni ne Labaran Ba-Birki, direban tirela a Funtua, shekara ashirin da shida a kan sitiyari. Ni da boko a aji biyu na sakandare muka yi hannun riga, ranar da na ɗaure igiyar ƙararrawa a ƙahon akuyar hedimasta, aka tashi makaranta tun hantsi. Su sun ce kora ta aka yi, ni na ce na gama ne da wuri. Tun daga nan babu kwaltar da ban taka ba. Rabin ɗan yatsana na hagu ma a ƙofar mota na baro shi a Lakwaja, ga shi kuna gani, don kada a ce ban bar wa hanya tukuici ba.

Motar da nake ja ta yayata ce, Hajiya Yalwa, uwa ɗaya uba ɗaya. Gado ta ci daga mijinta, marigayi Oga Rabe, bakaniken da in inji ya yi tari a Zariya zai gaya maka ciwonsa daga Funtua. Abu biyu ya bar mata. Na farko tirela ce mai inji silinda shida, an rubuta mata a baya "Da Tsohuwar Zuma Ake Magani", shi ya sa kowa ke ce mata Tsohuwar Zuma. Na biyu gareji ne a bakin titi, mai ramin shiga ƙarƙashin mota, da sarƙar ɗaga inji, da inuwar bedi, wato dalbejiya, guda huɗu.

Ya kuma bar almajiran sana'a uku, duk yanzu furfura ta cika musu gemu: Badamasi Mai Tabarau, da Sallau Dogo, da Haladu Kurma. Oga Rabe kan ce, "Ilimina buhu guda ne, ya yage a hanya, mutum uku suka tsince." Ana gama sadakar arba'in kowannensu ya ce garejin shi ya dace da shi. Rigima ta yi rigima, har Hajiya ta garƙame ƙofar ta ɗaure makullin a haɓar zanenta. Shekara uku ke nan ba sa ga maciji. In jana'iza ta haɗa su, kowa sahunsa daban.

Yanzu ga inda na shigo, kuma ku yi mini adalci.

Na ɗauko albasa daga Illela. A hanya na biya ƙauyenmu kusa da Kwatarkwashi, gwaggonmu Tabawa ta ba ni saƙo in kai wa Hajiya: ƙwan zabi goma da ƙullin garin kuka. Ba kuma kowace kuka ba. A duk faɗin duniya Gwaggo Tabawa kaɗai ke daka kuka tare da daddawa da masoro a turmi ɗaya, ko a cikin buhu uku ka ɓoye ta hanci zai gano ta.

Na hau hanya da rana tsaka ke nan, sai wani ɗan rainin wayo mai sabuwar mota ya wuce ni, ya leƙo ta taga ya yi mini gwalo. Ni! Ba-Birki! Na ce wa Tsohuwar Zuma, "Kin ji fa." Na take ta. Allurar zafi ta fara hawa, ta wuce tsakiya, ta doshi ja. Na ga tana ɗauke mini hankali daga abin da ke gabana, sai na cire hulata na rufe ta. Kuma na wuce shi, wannan a rubuta. Na wuce shi da taku kamar ɗari biyu, sannan gaban mota ya yi tururi kamar tukunyar dambu.

Na tsaya kusa da wata rijiya. Masu ilimi sun ce in inji ya tafasa a bar shi ya huce. Ni kuwa na ga baiwar Allah tana jin zafi, na tausaya mata, na janyo guga uku masu sanyi na sheƙa mata. Ƙarfen ya yi wani "tas!" wanda har yau ina jin sa a haƙorina. Da na tayar, farin hayaƙi ta salansa, kumfa a lagireto, wato tankin ruwan inji, baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa. Gaskit ya ƙone. Ga wanda bai sani ba, gaskit shi ne shimfiɗar nan da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Shi ke raba wuta da ruwa da mai, kowa ya bi hanyarsa. In ya huje, gida ya haɗe.

Da wani ne sai ya kira Hajiya ya faɗi gaskiya. Amma ni shekara ashirin na yi ina kallon Oga Rabe yana wannan aiki, ina zaune a inuwa ina ɓare gyaɗa. Na ce me ya rage? Na sayo gaskit a kasuwar da ke kusa, na tara majiya ƙarfi shida da alkawarin albasa, muka rataya igiya a reshen tsamiya muka ɗaga kan inji. Na kankare tsohon gaskit da wuƙar yankan rake. Na lafta wa sabon gam sama da ƙasa kamar mai shafa wa burodi bota. Ruwa da mai sun gangara cikin ramukan noti, na ce ai ƙara santsi ne. Na mayar da tsofaffin noti, na zura bututu a hannun sifana don ƙarin ƙarfi, na fara daga gaba na bi layi har baya, ina ɗaurewa sai na ga taurari.

Ban yi tafiyar mil goma ba ta fara ɗiga.

A nan ne basirar da Allah ya ba ni ta motsa. Na taɓa jin direbobi na cewa ƙwai na toshe yoyo. Na fasa ƙwan zabi goma a lagireto. Ɗigar ta ragu, ba ta tsaya ba. Na dubi ƙullin Gwaggo Tabawa, ya dube ni. Na ce abin da ke kama tuwo a maƙogwaro ai zai kama ruwa a inji. Na juye shi duka.

Jama'a, ta riƙe! Har Funtua ta riƙe! Sai dai duk shingen 'yan sandan da na tsaya, sai an leƙo an ce, "Direba, wa ke girki a motar nan?" A bakin tasha ta saki, ta amayar da kore shar. Na yi maza na tsiyaye lagireton a kwata na ɗauraye shi, na shiga gida da fuskar tausayi.

"Yaya, Tsohuwar Zuma dai tsufa ya kama ta. Gaskit ya tafi. Wani bakanike a hanya ya taɓa, bai yi ba."

"Ina saƙon Gwaggo?"

"Birai, Yaya. Kin san biran Kwatarkwashi. Na tsaya alwala, kafin in juyo sun yi gaba da ƙwai da kuka."

Ta dube ni sama da ƙasa. Sannan ta ce, "Labaran, na gaji. Masu yankan ƙarfe sun zo sau biyu suna zagaya motar nan kamar ungulu. Wani kuma yana son filin garejin ya gina gidan mai. Zan ba ta dama ɗaya. A sauke injin a yi masa gyaran gaske. Wanda ya gyara ta, ta ɗauki masara buhu ɗari shida ta hau gangaren hanyar Birnin Gwari ta dawo ba ta zubar da ko cokali ɗaya na ruwa ba, shi zan kwance wa makullin nan. In ta ɗiga, a yanka ta, a sayar da filin. Kai kuma ka nemi baro ka tura."

Baro! Da gemuna!

Na zauna na yi tunani. Na san kowane ɗaya cikin ukun nan, in shi kaɗai ne, zai yi nasa kason ya tsallake na sauran, motar ta ɗiga, a yanka ta. Na kuma san ko gawa ba za su ɗauka tare ba. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na sami Badamasi yana goge tabarau. "Oga Badamasi, albishirinka. Hajiya ta ce garejin naka ne, ta riga ta yanke. Sauran biyun za su zo ne a matsayin leburorinka. Amma ta roƙe ka kada ka nuna musu, ka san tsufa da girman kai. Ka bar su su ɗauka su ne manya."

Ya ce, "Dama Hajiya mace ce mai hangen nesa."

Abin da na gaya wa Sallau ke nan, harafi da harafi. Shi kuwa Haladu sai da na kai shi bayan kango na faɗa da ƙarfi sau uku, har wata mai tallar fura ta taya shi murna.

Ranar Asabar Hajiya ta buɗe garejin, su uku suka iso, kowa yana yi wa sauran murmushin tausayi. Ban taɓa ganin ladabi irin na wannan mako ba. "Sannu da ƙoƙari, Malam Sallau." "A'a, kai ke da sannu, ci gaba da abin da kake yi, kana kyautawa." Kowa yana lallaɓa leburorinsa. Aka ja sarƙa, kan inji ya tashi.

Badamasi Mai Tabarau shi ne mutumin fuskar ƙarfe. Yini guda ya yi yana cire gam ɗin da na lafta, da wata 'yar faranti mai laushin baki, don kada ya yi wa ƙarfen ko ƙwarzane ɗaya. Yana yi yana tsine wa bakaniken hanya, ni kuma ina cewa amin. Da fuskar ta fito fes, ya ɗauko miƙaƙƙen ƙarfensa na awo wanda yake naɗewa a tsumma kamar jariri, ya ɗora a tsaye, ya ɗora a kwance, ya ɗora a karkace, yana zura wasu siraran ƙarafa masu kaurin gashi a ƙarƙashi. Ya durƙusa ya hango haske yana wucewa tsakanin silinda ta uku da ta huɗu. Kan ya bankare. Ido ba ya gani, amma ruwa yana gani. Shi ya ɗauki kan da kansa ya kai Zariya wurin masu injin daidaita ƙarfe, ya tsaya a kansu don kada su ci fiye da kima. Da ya dawo bai huta ba, ya koma kan silif, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a ciki. Ya ce kowane silif dole bakinsa ya ɗara gangar inji da ɗan ƙiris, duka shida kai ɗaya, don a nan gaskit ke cizo. Ya auna, ya tarar na huɗu ya nutse. Ya zare shi, ya sa masa siririn zobe a ƙasa, ya mayar, ya sake aunawa sau uku. Da bai yi wannan ba, ko gaskit na zinariya aka sa, ko Oga Rabe ne ya dawo ya ɗaure, ruwa sai ya sami ƙofa.

Sallau Dogo shi ne mutumin ramuka. Mutum ne da ba ya yarda da abin da bai ga ƙarshensa ba, ko rijiya ya wuce sai ya leƙa. Kan injin nan noti ashirin da shida ke riƙe shi, kowanne da raminsa a gangar inji, rami mai zurfi marar mafita. Sallau ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tsinke da tsumma da bututun iska. Goma sha ɗaya ya tarar da ruwa kwance a gindinsu. Ya ce in noti ya sauka ya tarar da ruwa, ruwan zai tokare shi, mai ɗauri ya ji tauri ya ɗauka ya kai, alhali kan inji bai danne komai ba. In kuma ya matsa da ƙarfi, gangar injin ce za ta tsage, sai sallama. Ya busar da su, ya wanke zaren kowane rami har noti ya riƙa shiga da yatsa biyu. Sannan ya jera tsofaffin noti a kan benci ya auna tsawonsu. Bakwai sun miƙe sun yi ƙugu kamar zanzaro, saboda bututun da wani jahili ya sa. Ya ce notin da ya miƙe ya gama aikinsa a duniya, ya watsar da duka ashirin da shidan ya sa aka kawo sababbi, ya shafa wa kowanne ɗan mai kaɗan a zare da ƙarƙashin kai. Daga nan ya koma hanyoyin ruwa na cikin inji ya yi ta ɗura musu ruwa yana fitarwa. A nan wani abu kore ya fara fitowa yana jan zare.

Ya ɗago ya dube ni. "Labaran, mene ne wannan?"

"Ruwan sanyaya inji ne, Oga Sallau, ɗan waje. Ai ka san kore ne."

"Na san kore ne. Ban san yana yauƙi ba."

Ya shinshina, ya kwarfa a gwangwanin madara, ya rufe, ya sa a aljihu. Ni kuwa tun daga nan ban ƙara cin abinci da daɗi ba. Da Sallau bai yi nasa ba, fuskar da Badamasi ya daidaita ba za ta sami abin da zai danne ta ba, kuma hanyoyin ruwa a toshe, inji ya sake tafasa kafin a fita gari.

Haladu Kurma shi ne mutumin ɗauri. Ƙarar inji ta shekara arba'in ta cinye masa kunne, amma ta bar masa tafin hannu. Da aka kawo sabon gaskit bai ɗora ba, sai da ya ɗaga shi a rana ya gwada hujinsa da na inji, huji da huji. Ya tarar an ba mu na wani inji ɗan'uwan wannan, ƙofar ruwa biyu a rufe. Ya mayar aka canzo. Na miƙo masa gam don in nuna ni ma ina taimako, ya karɓa ya jefa shi kan rufin kwano. Ya ce wannan gaskit a bushe ake sa shi, gam santsi yake sa shi ya zame. Ya duba gefen da aka rubuta sama ya sa shi sama. Ya sa aka sauko da kan inji a hankali, a miƙe, ba ja ba turawa, kamar ana sa jariri a zanen goyo. Sannan ya buɗe akwatin katako ya fito da sifana mai awo, wadda ke yin "ƙas" in ɗauri ya kai. Shi ba ya jin ƙas ɗin, a hannu take gaya masa. Bai fara daga gaba ba. Daga tsakiya ya fara, ya riƙa zagayawa yana faɗaɗawa zuwa baki, wannan gefe, wancan gefe, yadda mace ke lallaɓa tuwo a mara daga ciki zuwa waje. Zagaye na farko sama-sama, na biyu ya ƙara, na uku ya kai awo. A na ƙarshe ya ɗiga wa kan kowane noti farin fenti, ya juya shi gwargwadon da littafin injin ya ce, don kada a tsallake ɗaya ko a maimaita ɗaya. Ana cikin haka aka kira la'asar, ya ce shi bai ji ba, kuma gaskiyarsa ce, sai da ya kai na ashirin da shida ya yi alwala. Da aka haɗa komai, ya hana a zuba ruwan rijiya, ya ce gishirinsa ke cin ƙarfe ta ciki, aka zuba ruwan inji na jarka. Ya fitar da iskar da ta maƙale, ya ɗaura famfo a bakin lagireto ya matsa, ya zauna yana kallon allura har aka sha shayi aka wanke kofuna. Ba ta motsa ba. Da Haladu bai yi nasa ba, daidaitaccen kan nan da an sake murɗe shi tun a wurin ɗauri, sababbin noti su zama ado.

Ranar gwaji aka loda masara buhu ɗari shida. Hajiya da kanta ta hau gaba, ta sa tsinken tsintsiya ta auna ruwa ta karya shi daidai wurin. Muka hau gangare, Tsohuwar Zuma tana gurnani kamar budurwar mota, allura a tsakiya kamar an kafe ta da ƙusa. Muka dawo gareji. Hajiya ta shimfiɗa farin mayafinta a ƙarƙashin inji tun azahar, aka zauna. Da la'asar aka janyo shi, fari fat, ko ɗigon da ƙuda zai sha babu. Da inji ya huce ta sa tsinkenta, ruwa yana nan inda ta bar shi.

Ta kai hannu haɓar zane ta kwance makulli. Hannu uku suka miƙo a lokaci ɗaya.

Badamasi ya ce, "Allah ya saka da alheri, Hajiya, kamar yadda kika aiko."

Sallau ya ce, "Malam Badamasi, aikin lebura ya ƙare, janye hannunka, za a sallame ka."

Haladu bai ji ko ɗaya ba, ya ce da ƙarfi, "Na yafe muku duka, kun yi mini biyayya!"

Hajiya ta ce, "Wa na aika? Wurin wa?"

Kai uku suka juyo. Ni a lokacin na riga na kai bakin ƙofa, don na tuna ana nemana a Bakori. Sallau dogo ne, taku biyu ya yi ya kamo wuyan rigata.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma nawa har da marfi. Badamasi ya gyara tabarau ya ce, "Hajiya, tun da abin ya zo haka, kan inji ba ya bankarewa don tsufa. Sai an tafasa shi an sheƙa masa ruwan sanyi." Haladu, da aka yi masa bayani a kunne, ya je ya ɗauko tsohon murfin gefen inji ya ajiye a gabanta. Ga tambarin hannu a busasshen gam, hannun hagu, yatsa huɗu da rabi. Na sa hannuna a aljihu, amma an makara. Sai Sallau ya fito da gwangwanin madara ya buɗe ya miƙa mata.

Ta shinshina sau ɗaya. Ta sa tsinke ta tsamo ɓawon ƙwai mai ɗigo-ɗigo.

"Daddawa. Masoro." Ta ɗago. "Labaran, biran Kwatarkwashi har lagireto suke buɗewa?"

"Yaya, biran zamani ne..."

"Rufe mini baki! Kukar Gwaggo! Tsohuwa ta daka da hannunta, ka ɗura wa mota!"

Na ce, "Amma Yaya a duba, ta riƙe har Funtua. Kuma ba don ni ba, mutanen nan uku da ba su tsaya inuwa ɗaya ba. In ana maganar cancanta ma, makullin nan..."

Ban ƙarasa ba, don na ga Haladu ya ɗauki bututun nan nawa yana gwada nauyinsa.

Hajiya ta mayar da makullin ta ɗaure. Ta ce, "Alkawari na yi wa mutum ɗaya, makulli ɗaya ne, kuma ba zan saɓa ba. Na so su haɗu su riƙe tare, ga shi kowa ya kau da kai. To, tunda kai ne gwanin raba gareji, har ka raba shi sau uku, kai za ka yanke. Ranar Juma'a bayan an sauko, a gaban jama'a, ka faɗi wanda ya tsayar da yoyon nan. Shi zan ba. Biyun da ka hana kuwa, na ba su kai, wata shida-shida, lebura, su yi yadda suka ga dama. In ka ƙi faɗa, in karɓe makullin mota, su ukun su raba ka."

Badamasi ya ce, cikin natsuwa, yana da kan inji goma sha biyu da gam ya bushe a kansu, kuma farce ya fi komai iya kankara ba tare da ƙwarzane ba. Sallau ya ce shi ba mugu ba ne, masai kawai yake son a yashe masa, tunda shi mutumin ramuka ne. Haladu kuwa ya juyo ya dube ni. Murmushi ya yi, ya tafi da bututun.

To, jama'a, ga ni a gabanku. Kwana uku ina juya abin. In na ce Badamasi, gaskiya ne, ba a ɗaure karkatacce ya zauna. In na ce Sallau, gaskiya ne, notin da ke tsaye a kan ruwa bai riƙe komai ba. In na ce Haladu, gaskiya ne, shi ya hana a sa gaskit ɗin da ba nasa ba, kuma hannunsa ne ya rufe aikin. Cire ɗaya, mayafin Hajiya ya jiƙe, a yanka Tsohuwar Zuma. Kada kuma wani ya ce mini in zaɓi wanda azabarsa ta fi tsanani don in tsira daga gare shi. Na yi wannan tunanin tun kafin ku, Hajiya ta ce sai na kawo hujjar da kanikawan Funtua za su yarda da ita.

Ku da kuka gama makaranta, ku da ba ku taɓa ɗura wa inji miya ba, ku fitar da ni: tsakanin wanda ya daidaita fuska, da wanda ya tsarkake ramuka, da wanda ya ɗaure, wane ne ya tsayar da yoyon nan har ya cancanci makullin Oga Rabe?